Endometiriyoz: ciwon marar da ake yi wa kallon "sanyi"

Watan Maris ne aka keɓe a duniya don wayar da kai kan endometiriyoz, cutar da hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta tana damun mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa, wato kusan miliyan 190. Wani nama ne mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta: kan ma'ajiyar ƙwai, bayan mahaifa, wani lokaci har hanji ko mafitsara. Duk wata yakan kumbura da zuwan al'ada, ya jawo ciwo da mannewar kayan ciki.

Gano ta ne babban aiki. A Faransa, inda shugaba Macron ya ƙaddamar da shirin yaƙi da cutar a Janairun 2022, mace kan shafe kimanin shekara 7 kafin a faɗa mata abin da ke damunta. Ƙasar da ke da na'urori ke nan, abin da ke nuna cewa jinkirin ba na kayan aiki kaɗai ba ne.

A Nijar abin ya fi tsanani. Budurwar da ciwon mara ke hana ta zuwa lakkol, haƙuri ake ba ta, wai in ta haihu zai wuce. Matar aure kuwa sai a ce sanyi ne, ta yi ta shan maganin ƙwayoyin cuta da ba ya taɓa wannan ciwo. In haihuwa ta yi jinkiri a kira ta juya, a fara zancen kishiya.

Tun 2022 ƙa'idojin likitocin Turai suka daina sharɗanta tiyatar kyamara kafin a fara magani. Ekogarafi na nuna ƙullutun ma'ajiyar ƙwai, amma ƙananan tabo kan ɓuya mata, don haka hoto mai kyau ba ya wanke mace. Matakin farko tambaya ce, kuma ungozomar CSI na iya yin ta: ciwon na hana aiki? Ana jin zafi wajen saduwa, ko bayan gida lokacin al'ada?

Cutar ba ta da maganin warkewa, amma magungunan ciwo da ƙwayoyin tazarar haihuwa kan sassauta ta. Mai neman ciki ce ƙwayoyin ba su dace da ita ba. Ita ya kamata a tura da wuri cibiyar kula da uwa da yaro ta Maradi, Damagaram ko Tawa, ko asibitin haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai.