SHARHI: 18 ga Yuni, ranar McCartney da Shata, da batun wanda ke riƙe da muryoyin Najeriya

Kowace safiya gidajen rediyo da jaridun Turai da Amurka kan fitar da jerin abubuwan da suka faru a rana irin ta yau a tarihin kiɗa da waƙa. Jerin 18 ga Yuni ba ya rasa abu biyu. Na farko shi ne haihuwar Paul McCartney, jigon ƙungiyar Beatles, a birnin Liverpool na Ingila a 1942, wanda ya cika shekara 83 a 2025. Na biyu shi ne daren ƙarshe na bikin waƙoƙin Monterey a jihar Kaliforniya a 1967, daren da Jimi Hendrix ya durƙusa a kan dandamali ya cinna wa gitarsa wuta. Abin da da wuya a gani a irin wannan jeri shi ne cewa a ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, kwana 20 bayan rantsar da Olusegun Obasanjo, Allah Ya yi wa Alhaji Mamman Shata Katsina rasuwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka kai shi Daura aka binne. A 2025 aka cika shekara 26 da rasuwarsa, tsarar Jamhuriya ta Huɗu.

Abu mafi sauƙi shi ne a ce raini ne ya hana Turawa sanya Shata a lissafinsu, kuma maganar ba ta rasa ƙanshin gaskiya. Sai dai mai haɗa irin wannan jeri daga takarda yake kwafa. Yana duba ranar da aka sa hannu a yarjejeniya, ranar da faifai ya fito kasuwa, ranar da aka ɗauki hoton taro. Mawaƙin da aka adana masa waɗannan yakan samu ranaku da dama a kalanda. Wanda ba a adana masa ba, komai girmansa, ranar rasuwarsa kaɗai ke saura, ita ma sai masoyansa sun tuna. A nan ne zancen ya daina zama na nishaɗi, ya koma kan teburin ma'aikatan gwamnatin tarayya.

Bikin Monterey ya nuna yadda rana ke shiga tarihi. An yi shi kwana uku, daga 16 zuwa 18 ga Yuni, a makonnin da Najeriya ke dab da faɗawa yaƙin basasa. McCartney na cikin waɗanda aka nemi shawararsu wajen shirya shi, kuma shi ya matsa a gayyato Hendrix, Ba'amurken da ya yi suna a Landan alhali mutanen ƙasarsa ba su gama saninsa ba. A yinin wannan Lahadi Ravi Shankar na Indiya ya yi nasa kiɗan, kwana guda bayan Hugh Masekela na Afirka ta Kudu. Amma abin da ya raya bikin har yau shi ne kyamarorin D.A. Pennebaker, wanda ya ɗauki taron ya fitar da fim a 1968. A 2018 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya fim ɗin cikin rajistar finafinan da ƙasar ta ɗauki alhakin adanawa. Da ba a ɗauka ba, da ƙona gitar Hendrix ta zama labarin da tsofaffi ke bayarwa, wani ya ƙara gishiri, wani ya musanta. Shata ya cika filaye da ɗakunan taro a faɗin Arewa da ƙetare fiye da shekara 50, kuma mafi yawan waɗannan darare a bakin waɗanda suka halarta kawai suka rage.

Labarin McCartney kansa ya fi amfani ga mai son fahimtar inda kuɗin waƙa yake. Shi da John Lennon sun rubuta waƙoƙin Beatles, amma haƙƙin buga su yana hannun kamfanin Northern Songs da aka kafa a 1963, wanda ya kuɓuce musu a 1969 ya koma hannun ATV. A 1985 Michael Jackson ya sayi ATV a kan dala miliyan 47.5. Shekara goma bayan haka ya haɗa hannun jari da Sony, kuma a 2016 Sony ya biya magadansa dala miliyan 750 ya karɓe rabinsu. McCartney ya kai Sony ƙara a Amurka a farkon 2017, yana dogaro da dokar ƙasar ta 1976 wadda ta bai wa marubuci damar karɓo tsofaffin ayyukansa bayan shekara 56, aka sasanta a wajen kotu cikin watanni. Kusan rabin ƙarni mutumin ya yi yana bin sawun abin da ya rubuta da hannunsa. Ya iya bin sawun ne domin kowace waƙa tana da suna a rajista, da kwanan wata, da takardar da ta nuna hannun da ta bi. A 2024 jaridar Sunday Times ta ƙiyasta dukiyarsa ta kai fam biliyan ɗaya.

Najeriya tana da kaso a tarihin wannan mawaƙi. A 1973 ya zaɓi ɗakin naɗar sauti na kamfanin EMI da ke Apapa a Legas domin haɗa faifan Band on the Run. Zaman bai yi masa daɗi ba: 'yan fashi sun tare shi da matarsa Linda da wuƙa, suka ƙwace jakar da ke ɗauke da kaset-kaset ɗin gwajin waƙoƙin, sannan Fela Anikulapo-Kuti ya fito fili ya zarge shi da zuwa satar kiɗan baƙar fata, har sai da McCartney ya kira shi ya kunna masa abin da aka naɗa. An tafi da zaren Landan aka ƙarasa aikin, faifan ya hau saman jadawalin ciniki a Ingila da Amurka, kuma a farkon 2024 aka sake fitar da shi don cikarsa shekara 50. Sautin da aka ɗauka a Apapa yana nan garau domin ya bar ƙasar. Shi kuwa Fela, a watan Fabrairun 1977 sojoji suka ƙone gidansa na Kalakuta da ɗakin naɗar sautinsa. Abin da ya tsira na ayyukansa, iyalansa da kamfanonin waje ne suka tattara suka riƙa sake fitarwa, kuma wannan ɗawainiya ce ta kai faifan Zombie cikin kundin girmamawa na Grammy a 2025.

Tattalin arzikin waƙar Shata daban yake da wannan tun daga tushe. An haife shi a Musawa a 1923, ya tashi cikin tsarin da mawaƙi ke karɓar ladansa nan take: a yi wa sarki ko attajiri ko direba waƙa, a ba da doki, ko mota, ko riga, ko kujerar Makka, taro ya watse. Ba ya rubuta waƙa kafin ya rera, kan kalangu yake ƙirƙirarta, 'yan amshi na karɓa, shi ya sa Bakandamiya ta fito a siffofi da dama, kowace da abin da ya ƙara mata a wurin. Shi kansa ya sha faɗa cewa bai san adadin waƙoƙinsa ba, masu nazari kuwa da dubbai suke ƙiyasta su. Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa, ya yi wa kumbon Apollo 11, ya yi wa gwamnatoci waƙoƙin wayar da kan jama'a. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Tsarin ya wadata shi a rayuwarsa, amma bai bar wa magada wata takarda da za su riƙe ba, domin a wannan tsari da zarar an rera waƙa an karɓi kyauta, ciniki ya ƙare.

Doka kuwa ba haka take kallon lamarin ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi ko mai rai duk ta shafa, kuma wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta raba waƙa da naɗinta. Ita waƙar, wato kalmomi da karinta, tana da kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu, ke nan ta Shata sai ƙarshen 2069. Shi kuwa naɗin, wato sautin da aka ɗauka a faifai ko zare, kariyarsa shekara 50 ce daga fitowarsa, haka ma shirin da aka watsa a rediyo. Ma'anar wannan ita ce duk abin da aka naɗa aka fitar a 1974 ko kafin nan ya riga ya fita daga kariya, kuma kowace ranar 31 ga Disamba wani kaso na shekarun da muryar Shata ta fi ƙarfi yana bin sahu. Fitar aiki daga kariya ba asara ba ce ga jama'a, domin dalibi da mai shirya fim za su iya amfani da naɗin cikin sauƙi. Sai dai hakan na buƙatar a san shekarar da aka yi kowane naɗi, a kuma sami kwafi mai kyau. In babu kwanan wata, babu lauyan da zai iya cewa wannan na magada ne, wancan na kowa ne.

Kuɗin da ake magana a kai ba ƙanana ba ne. Kamfanin Spotify ya ce mawaƙan Najeriya sun samu fiye da naira biliyan 58 daga dandalinsa a 2024, sama da ninkin abin da suka samu a 2023. Irin wannan kuɗi yana bin rajista ne: sunan waƙa, sunan mai ita, asusun da za a tura. Waƙoƙin Shata da na Musa Ɗanƙwairo da na Ɗanmaraya Jos, wanda ya cika shekara goma da rasuwa ranar 20 ga Yuni, 2025, suna yawo a YouTube da wayoyin hannu, sau da yawa da sunan da mai ɗorawa ya ga dama ya sa musu. Ba adalci ba ne a kira waɗannan masu ɗorawa ɓarayi kawai. Su da 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai a Kano, da masu bincike irin su Ibrahim Sheme da abokan aikinsa da suka wallafa Shata Ikon Allah a 2006, su ne suka yi aikin ajiyar da ya kamata hukuma ta yi. Amma kwafin da aka kwafa daga kwafi ba ya maye gurbin zaren asali. Ƙungiyoyin da aka ɗora wa karɓo wa mawaƙa haƙƙinsu kuwa, COSON da MCSN, sun shafe shekaru suna shari'a a kan wanda ke da izini, har hukumar haƙƙin mallaka ta dakatar da lasisin COSON a 2018.

Zaren asali, inda ya saura, galibi a gidajen rediyo da talabijin yake, kuma babba a cikinsu mallakar tarayya ne. Gidan rediyon Kaduna da gwamnatin Arewa ta kafa a 1962, wanda daga baya ya shiga ƙarƙashin FRCN, shi ne ya kai muryar waɗannan mawaƙa har Nijar da Ghana da Kamaru da Sudan. Zaren maganaɗisu yana lalacewa da zafi da laima, amma abin da ya fi gaggawa shi ne na'urar kunna shi. Tun 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya suka yi gargaɗin cewa an daina ƙera waɗannan na'urori da kayan gyaransu, kuma wajen 2025 kunna irin wannan zare zai fara gagara. Shekarar da aka ambata ta riga ta zo.

Matsalar a Abuja ita ce batun ya faɗa tsakanin ma'aikatu uku. FRCN da NTA suna ƙarƙashin Ma'aikatar Yaɗa Labarai. Hukumar haƙƙin mallaka tana ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a. Raya al'adu da tattalin arzikin fasaha kuwa yana hannun ma'aikatar da aka ƙirƙiro a 2023, wadda ministarta a 2025, Hannatu Musawa, ke ɗauke da sunan garin da aka haifi Shata. Kowace tana da hujjar cewa aikin na maƙwabciyarta ne. Ga shi kuma juyar da tsohon zare zuwa kwamfuta aiki ne da ba a yanke masa kyalle, ba a gayyato gwamnoni buɗe shi, don haka da wuya ya yi gogayya da bikin kalankuwa a lokacin kare kasafi.

Amma ba aiki ne mai tsada ba. A Gini, wani mai bincike ɗan Ostireliya, Graeme Counsel, da tallafin Ɗakin Karatu na Birtaniya, ya zauna a rumbun gidan rediyon ƙasar da ke Konakiri tsakanin 2008 da 2013, ya juyar da waƙoƙi fiye da 9,000 na zamanin Sekou Toure, kuma yau ana sauraren su a intanet da sunayensu da shekarunsu. Beatles kuwa sun nuna abin da tsohon kaset ke iya zama: a 2023 aka yi amfani da ƙirƙirarriyar basira aka tsamo muryar Lennon daga wani kaset da ya naɗa a gida a ƙarshen shekarun 1970, aka fitar da waƙar Now and Then, ta ci kyautar Grammy a watan Fabrairun 2025. Fasahar tana iya share ƙara da hayaniya, ba ta iya dawo da zaren da ya manne ko aka naɗa wani shiri a kansa.

Matakin farko ƙidaya ce, kuma wasiƙa guda daga babban sakatare za ta iya fara ta: kowace tashar FRCN da NTA ta kawo jerin abin da ke rumbunta, sunan mawaƙi, shekarar naɗi, halin da zaren yake ciki, da ko akwai na'urar da ke kunna shi. Tsofaffin ma'aikatan da suka san abin da ke cikin kwalayen da ba a rubuta musu suna ba, mafi yawansu sun yi ritaya, kuma tun ran gini ake zane.  Daren 31 ga Disamba, 2025, shi ne ƙarshen wa'adin kariyar doka ga naɗe-naɗen da aka fitar a 1975.