Ɗan Notin Da Ka Raina

Mai karatu, a wannan makon zan ja hankalinka ga wasu ƴan notuka da ke cikin injin mota, waɗanda ke riƙe da faifai mai haƙora a kan kamshaf. Wannan faifai ne sarƙar tayimin ke juyawa, domin bawul su buɗe su rufe a daidai lokacinsu. Idan notukan suka kwance ko suka karye, sai tayimin ya goce. A wasu injina, fistin kan daki bawul, inji ya tashi aiki.

A shekarar 2014 kamfanin BMW ya janye motoci fiye da 150,000 a Amurka, ƙirar 2010 zuwa 2012, saboda notukan na'urar VANOS da ke kan kamshaf. Tunda da yawa daga motocinmu na hannu ne daga can, ina ganin wajibi ne mai saye ya bincika da lambar shasi ko an yi gyaran.

Ga makanikanmu kuwa, shawarata ita ce su sa sabbin notuka, su ɗaure da sifana mai ma'auni, su daina kintace. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.