Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Maradun kan Ruwan Indararo

Ranka ya daɗe,

Tun 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakalori a kan Gulbin Sakkwato, mai iya ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. Manoman yankin nan sun biya kuɗinta da gonakinsu, wasu ma da rayukansu a rikicin 1980. Amma har yau gidaje da yawa a Maradun, kamar a Bakura da Talata Mafara, da 'yan garuwa da rijiya suke rayuwa. Abin haushin shi ne, daga Yuni zuwa Satumba ruwa na kwarara daga indararo, ya zaizaye gindin katanga, ya kwanta a lungu, sauro ya samu gida. Lissafin ruwan da ake asara ba wuya: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 50, a daminar milimita 700, lita 35,000 ke nan, wato jarka 1,400 mai lita 25.

Ƙa'ida muke roƙo, ba haraji ba. Na faɗi haka ne domin a ƙasar nan da an ce doka, sai a buga rasit. A wajabta magudanar rufi da tanki mai murfi ga kowane sabon ginin hukuma, makaranta da asibiti da kasuwa, kafin a waiwayi talaka. Jihar Tamil Nadu ta Indiya ta wajabta tara ruwan sama a gine-gine tun 2003.

Za a ce ruwan kwano yana da datti. Gaskiya ne, shi ya sa ake barin na farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, a rufe duro, a tafasa na sha. Koyar da wannan aikin duba-gari ne, in har an ba su abin hawa. Za a kuma ce tsaro ne a gaba, ba tanki ba. To ai yarinyar da ke da ruwa a tsakar gida ba ta fita bayan gari da tulu, inda 'yan bindiga ke tare mutane.

Ina tsoron takardar nan ta kwana a aljihun tebur. Duk da haka, a fara da sakatariyar ƙaramar hukuma kafin ruwan baɗi ya sauka, jama'a su gani da idonsu.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan Maradun