Mata da wasan ces: Abin da tarihin shekara 98 ke faɗa wa 'yan matan Kano

A watan Afrilun 2025 Ju Wenjun 'yar ƙasar Sin ta doke Tan Zhongyi, ta riƙe kambin duniya na mata a wasan ces karo na biyar. Wata uku bayan haka Divya Deshmukh, 'yar Indiya mai shekara 19, ta ɗauke kofin duniya na mata a birnin Batumi na Jojiya.

Wannan wasa, da malamai ke kira shaɗaranji, an daɗe ana ɗaukarsa na maza. Har yau mata kusan ɗaya ne cikin goma na 'yan wasan da hukumar ces ta duniya, FIDE, ta yi wa rajista. Cikin kusan mutum 2,000 da suka samu lambar babban gwani, wato girandimasta, mata arba'in da 'yan kai ne kawai.

Wasu na cewa bambancin a ƙwaƙwalwa yake. Amma tarihi na nuna wani abu dabam: duk inda aka zaunar da yarinya gaban allo da wuri, aka ba ta malami, sai ta yi fice.

Daga Landan zuwa Jojiya

An fara gasar duniya ta mata a Landan a 1927. Vera Menchik ce ta lashe, kuma ba wanda ya ƙwace kambin har bam ya kashe ta a gidanta a 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Bayan yaƙin sai Tarayyar Sobiyat ta mamaye fagen, domin gwamnati ta buɗe kulob-kulob na yara, tana biyan masu horarwa albashi. Jojiya ta fi kowa cin moriya. A can akan ce tun da daɗewa ana haɗa allon ces cikin kayan ɗakin amarya.

Nona Gaprindashvili ta riƙe kambin daga 1962 zuwa 1978, kuma ita ce mace ta farko da ta zama babbar gwana. Wadda ta kayar da ita, Maia Chiburdanidze, 'yar ƙasarsu ce mai shekara 17.

Gida ɗaya, 'ya'ya mata uku

A Hungari kuwa ba gwamnati ce ta yi aikin ba, wani uba ne. László Polgár ya koyar da 'ya'yansa mata uku, Susan da Sofia da Judit, a gida tun suna ƙanana. A 1988 su ukun suna cikin tawagar da ta ƙwace zinaren gasar ƙasashe ta mata daga hannun Sobiyat.

Autarsu Judit ta zama babbar gwana a 1991 tana da shekara 15, ta karya tarihin da Bobby Fischer ya kafa. Ba ta taɓa neman kambin mata ba, da maza take karawa. Ta ci Garry Kasparov a 2002, kuma a 2005 ta zama ta takwas a duniya baki ɗaya.

A 1991 ɗin nan ne Xie Jun ta kai kambin mata ƙasar Sin, bayan hukumomin wasanni na can sun mayar da hankali kan horar da yara mata. Yanzu Indiya ce ke bin sahu.

Ina aka bar Kano?

A Afirka ma an ga alama. Phiona Mutesi ta taso daga unguwar talakawa ta Katwe a Kampala har ta wakilci Yuganda, aka yi fim a kanta a 2016. A Legas, Tunde Onakoya ya kafa shirin koya wa yaran unguwannin talakawa ces a 2018.

Bahaushe ba baƙon wasan lissafi ba ne. Dara, mai gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, tana buƙatar hange da haƙuri irin na ces. Sai dai a Kwaciri da sauran unguwannin Fagge, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, a majalisar maza ake yin ta, a ƙofar gida ko bakin shago. Yarinya ba ta zama a nan.

Bayan boko da Islamiyya, aikin gida ke jiranta, wata kuma talla a kasuwar Sabon Gari. Judit ta zama gwana a shekarun da ake cire 'yan mata da yawa a Arewa daga makaranta.

Akwai kuma batun addini da ba za a kau da kai a kansa ba. Malamai sun yi saɓani kan shaɗaranji tun da can. Wasu sun haramta, Imamu Malik ya ƙi shi, wasu kuma sun sassauta in babu caca kuma bai shagaltar daga salla ba. Duk mai son kai wasan makarantun mata a Kano sai ya fara zama da malamai da iyaye.

Abin da ya sauya yau shi ne waya. Manhajar Lichess kyauta ce, yarinya na iya karawa da 'yar Indiya daga tsakar gidansu. Amma waya ba ta maye gurbin malama da gasa.

Allon ces ba shi da tsada, ba ya buƙatar fili ko wutar lantarki, kuma ana buga shi cikin hijabi, mata zalla, a aji ɗaya. Abin da ya rage shi ne makarantar sakandaren mata da za ta ware awa ɗaya a mako, da uban da zai ce wa 'yarsa ta je.