Wane Ne Gwanin da Ya Kamata Jam'iyya Ta Tsayar?

Ina neman izini in tofa albarkacin bakina a kan wata magana wadda duk lokacin da zaɓe ya ƙarato ita a ke yi a kasuwa, da tasha, da gindin itace. Maganar kuwa ita ce, idan jam'iyya za ta fid da mutum ɗaya ya tsaya mata takarar shugabancin ƙasa, wa ya kamata ta ɗauka?

Kowa ka tambaya zai ce maka ai mai ƙarfi za a ɗauka. To, amma ina a ke auna ƙarfin nan? Wasu su ce a duba aljihunsa. Wasu kuma su ce a duba yawan jama'ar da ke tarbarsa in ya zo garinsu. Ni dai a ganina, ƙarfin ɗan takara a gidan wasu a ke auna shi, domin kowa sarki ne a tsakar gidansu.

Dalilina na farko yana cikin tsarin mulkin ƙasar nan na 1999. Bai isa mutum ya fi kowa yawan ƙuri'a ba. Tilas ne kuma ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohi, wato jihohi 24 daga cikin 36. Arewa duka jihohi 19 gare ta, Kudu kuwa 17. Ke nan ba wanda zai hau kujerar nan da ƙuri'ar 'yan'uwansa kawai, kome yawansu.

Mu duba abin da ya faru a zamanin kakanninmu, lokacin da Zuru ta ke cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. A watan Disamba na 1978 jam'iyyar NPN ta yi babban taronta a birnin Ikko, wato Legas, don ta fid da gwani. Mutum shida suka nema: Alhaji Shehu Shagari, da Alhaji Yusuf Maitama Sule, da Malam Adamu Ciroma, da Dakta Olusola Saraki, da Joseph Tarka, da Farfesa Iya Abubakar. In don iya magana ne, ai kowa ya san ba a kama ƙafar Maitama Sule. Amma wakilai suka fi karkata ga Shagari, tsohon malamin makaranta mai sanyin hali, wanda ya daɗe yana aikin minista, ya kuma yi hulɗa da mutanen kowane sashe na ƙasa.

Da aka yi zaɓe ran 11 ga Agusta 1979, sai hikimar wakilan nan ta bayyana. Shagari ya sami ƙuri'a miliyan 5.6 da 'yan kai, Cif Obafemi Awolowo na UPN kuma ya sami miliyan 4.9. Tazarar ba ta da yawa. Amma ƙuri'un Awolowo a tare su ke a Yamma, jihohi biyar kawai ya ci. Malam Aminu Kano na PRP, duk da son da talakawa ke masa, bai zo na ɗaya ba sai a Jihar Kano. Shagari kuwa, ban da Sakkwato, ya ci Binuwai, da Ribas, da Kuros Riba, wuraren da ba yarensu ɗaya ba, yawancinsu kuma ba addininsu ɗaya ba. Duk da haka sai da aka je Kotun Ƙoli a kan ko ya cika kashi biyu cikin uku na jihohi 19 na lokacin, kotu ta ba shi gaskiya. Idan wanda ya fi kowa bazuwa ya tsallake da kyar, ina ga wanda ya tsaya a gida?

Haka kuma a 1993 jam'iyyar SDP ta taru a Jos ta tsayar da Cif M.K.O. Abiola. A zaɓen 12 ga Yuni, wanda soja suka soke, sakamakon da ya fito ya nuna Abiola ya kayar da Alhaji Bashir Tofa na NRC har a Jihar Kano, mahaifar shi Tofa ɗin. Janar Muhammadu Buhari ma ya sami ƙuri'a sama da miliyan 12 a 2011, amma bai ci ko jiha ɗaya a Kudu ba, ya faɗi. Sai da jam'iyyu suka haɗu suka kafa APC a 2013, ya sami abokan tafiya a Yamma, sa'an nan ya yi nasara a 2015. Mutumin dai shi ne, bai sāke ba. Abin da ya ƙaru shi ne karɓuwa a waje.

Dalilina na biyu ya shafi cikin gidan jam'iyya. Gwani na gaskiya shi ne wanda waɗanda ya kayar za su yarda su bi shi. Mutanen nan biyar da suka yi takara da Shagari ba wanda ya fice. Saraki ya zama shugaban masu rinjaye a Majalisar Dattawa, Tarka ya zama sanata, Ciroma da Iya Abubakar suka zama ministoci, Maitama Sule kuma ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. To, a gwada wannan da abin da ya sami PDP a 2022. Tun kafin taron fid da gwani Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ya koma NNPP, Peter Obi shi ma ya fice ya koma jam'iyyar Leba. A taron Abuja Alhaji Atiku Abubakar ya sami ƙuri'a 371, Nyesom Wike ya sami 237, daga baya gwamnoni biyar na jam'iyyar suka ja baya. A zaɓen 2023 Bola Tinubu ya ci da ƙuri'a miliyan 8.8. Atiku ya sami kusan miliyan 7, Obi miliyan 6.1, Kwankwaso kusan miliyan 1.5, alhali su ukun nan a inuwa ɗaya su ke a 2019. Ba na ce da sun zauna tare duk ƙuri'un nan wuri ɗaya za su zuba ba, amma ko ɗan aji ɗaya ya yi lissafin nan zai ga asarar da aka yi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Watakila wani ya ce mini, ai yaro, ba ka san siyasa ba, yaƙin neman zaɓe sai da kuɗi. Gaskiya ne, zaga jihohi 36 ba a yin sa da hannu banza. Amma kuɗi yana iya ruɗin jam'iyya. A 2022 APC ta sayar da takardar neman takarar shugaban ƙasa a kan naira miliyan 100, PDP kuma miliyan 40. Mutane nawa masu hankali da kishin ƙasa wannan kuɗi ya tsare a bakin ƙofa? Wakilan da suka zaɓar wa PDP gwani a shekarar nan ba su kai ko dubu ɗaya ba, masu rajistar zaɓe kuwa sun haura miliyan 90. Mai kuɗi yana iya faranta wa 'yan ɗaruruwa rai a ɗakin taro dare ɗaya, amma aljihun wa zai ɗauki miliyan 90? Wakilin da ya sayar da ƙuri'arsa ya cuci jam'iyyarsa, ya kuma cuci ƙauyen da ya aiko shi.

Dalili na uku shi ne mafi girma, domin cin zaɓe daban, iya mulki daban. A nan kam mu mutanen ƙasar Zuru ba sai an koya mana ba. A al'adar Dakarkari ta golmo, saurayi ba ya samun mata don daɗin bakinsa. Sai ya yi shekaru yana noma a gonar surukinsa, an ga ƙwazonsa, da haƙurinsa, da yadda ya ke zama da abokan aikinsa. Idan uba zai gwada mutum haka kafin ya ba shi 'ya ɗaya, yaya jam'iyya za ta danƙa wa mutum ƙasa ɗungum ba ta duba gonar da ya nome a baya ba? In ya yi gwamna, a je a ga makarantu da asibitocin jiharsa. In ya yi minista, a tambayi yadda ya riƙe amanar dukiya. A kuma duba yadda ya zauna da waɗanda ba ƙabilarsa ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta.

Kada wani ya ce wannan magana ta mutanen Abuja ce. Mu ne ta fi shafa. Ba mu manta da ɗaliban da 'yan bindiga suka sace a Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021 ba, haka kuma 'yan'uwanmu mata na makarantar Maga a watan Nuwamba na 2025. Manoma da yawa a Danko-Wasagu da Sakaba sun sha barin gonakinsu saboda tsoro. Soja da 'yan sanda kuwa a hannun shugaban ƙasa su ke. Ranar zaɓe talaka ba ya iya zaɓen kowa sai cikin waɗanda jam'iyyu suka ɗora masa a kan takarda. In tun daga ɗakin taro aka yi kuskure, to, kuskuren ya bi mu har shekara huɗu.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu da ke cikin jam'iyyu, ko wace ce, su riƙa yi wa mai neman goyon bayansu tambayoyi uku. Wa ya yarda da kai a wajen garinku? Waɗanda za ka kayar za su bi ka? Ina aikin da ka yi a baya? A nan Zuru Dakarkari, da Fakkawa, da Dukkawa, da Kambari, da Hausawa, da Fulani kasuwa ɗaya mu ke ci, Musulmi da Kirista aji ɗaya mu ke zama. Mun san ba mai shugabantar irin wannan taro sai wanda kowa ya amince da adalcinsa. Mu kuma 'yan'uwana ɗalibai, nan da shekara biyu ko uku za mu kai 18, mu riƙe katin zaɓe. Mu fara koyon auna mutum tun yanzu.

Allah ya ba mu shugabanni nagari, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.