Sarƙa Ba Ta Cikin Bishara

A cikin Bishara ta hannun Markus, sura 5, akwai labarin mutumin da ke zaune a makabarta. Mutanen garinsa ne suka yi ta ɗaure shi da sarƙa da mari. Yesu bai ɗaure shi ba. Ya tambayi sunansa, ya warkar da shi, sa'an nan ya aike shi gida wurin danginsa. Abin mamaki, waɗansu masu kiran sunan Yesu sun karanta wannan sura, suka zaɓi aikin mutanen garin.

A ƙasar Gana akwai wuraren da ake kira sansanin addu'a. A 2012 ƙungiyar Human Rights Watch ta bayyana abin da ta gani a waɗansunsu: masu taɓin hankali ɗaure a gindin itatuwa, rana ta doke su, ruwa ya doke su, ana hana su abinci da sunan azumi. A wannan shekara ƙasar ta kafa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, a 2017 kuma hukuma ta haramta ɗaurin. Duk da haka a 2022 masu bincike suka sake tarar da mutane a ɗaure. Azumin da aka tilasta wa majiyyaci ba ibada ba ce. Horon yunwa ne.

Masu kare wannan al'ada sukan ce iyalai ba su da wata mafita. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, gama manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na gwamnati, wato na Akara da Pantang da Ankaful, duka a kudu suke, nesa da mutumin arewa. Amma ba nisan hanya kaɗai ke kai mutum turu ba. Kunya ce. Uba yana tsoron kada a ce da hauka a zuriyarsa, 'ya'yansa mata su rasa mijin aure. Wa ya ƙara masa tsoron? Mai wa'azin da ya ce kowane ruɗewar hankali aljani ne ko hakkin zunubi. Wannan mai wa'azi kuwa, in zazzaɓi ya kama shi, da ƙafarsa yake zuwa neman allura. Ba wanda ya ce bangaskiyarsa ta raunana.

A Tamale an ga wata hanya dabam. Dokta David Abdulai, likita ɗan Katolika, ya buɗe asibitin Shekhinah inda talaka ba ya biyan ko kwabo. Daga 1992 shi da abokan aikinsa suka shiga dafa abinci kowace rana, suna bin tituna suna miƙa wa waɗanda gari ya yar. Har laƙabin mahaukacin likita aka yi masa, bai fasa ba. Ya rasu a 2016, aikin kuwa bai mutu tare da shi ba.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ikkilisiyar da ba ta da likita tana da tukunya, tana da zumuntar mata, tana da dattawan da za su iya raka iyali asibiti, su kuma tuna wa majiyyaci shan magani. Fasto ya yi addu'a, ya kuma faɗa daga bagade cewa wannan ciwo ne mai magani. In ɗan'uwan ya dawo, a mayar masa da gurbinsa a ƙungiyar mawaƙa, kada a tura shi bencin baya kusa da ƙofa.