SIMINTI A KAN GININ ƘASA: KYAN ƊAN MACIJI

Ku yi haƙuri, wannan makon na ajiye labarin soyayya gefe, domin akwai abin da ya tsaya min a maƙogwaro tun daminar bana.

A gidanmu na cikin birnin Kano akwai wani ɗan ɗakin girki a bayan tsakar gida, ginin tubali ne tun na kakanmu. Da bikin ƙanwarmu ya matso sai yayanmu ya ce wai abin kunya ne dangin ango su shigo su ga jar ƙasa, lallai a shafe shi da siminti. Hajiya ta ce, "Kai dai ka bar min ɗakina a yi masa yaɓe kamar kullum." Ya ce, "Haba Hajiya, ai zamani ya wuce nan." Aka kira magini, ya kafa ƙusoshi a jikin bangon, ya ja waya, ya watsa filasta, aka bi da shuɗin fenti. Kowa ya shigo sai ya ce masha Allah.

Damina uku kacal ya yi. Ran nan da hantsi wani ɓangare mai faɗin tabarma ya ɓamɓaro gaba ɗaya ya faɗo kan murhu, inda jikar Hajiya ta tashi ba a fi minti biyar ba. Da muka leƙa bayan abin da ya rage, ƙasar ta jiƙe sharkaf ta zama kamar kunu, gara kuma ta yi gari a ciki. Mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago.

Jama'a, ginin ƙasa numfashi yake yi. Yana shan danshi da damina, ya fitar da shi idan rana ta buɗe, ya ɗan kumbura ya ɗan motse. Shi kuwa siminti idan ya bushe ya bushe ke nan, ba ya bin bangon. Saboda haka dole ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, wani kuma ya taso daga tushe, sannan duk su rasa hanyar fita. Bangon yana ruɓewa a ɓoye, fentin yana ƙyalli a waje. Wanda yake musu ya je ya ƙwanƙwasa irin wannan bango da ɗan yatsa, zai ji yana amsawa kamar ganga. Yaɓen ƙasa in ya gaji a fili yake zaizayewa, kana gani ka gyara kafin ruwa ya sauka.

Kuma kada wani ya ce min iyayenmu ba su san maganin ruwa ba. Ina makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa? Ina laso, da ake haɗawa da katsi na marina irin ta Ƙofar Mata, da gashin akuya daga majema, da dafara? Da irin wannan ilmi Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19. Yau ka nemi matashin magini da ya iya dama makuba a unguwarku ka gani.

Ni ba gaba nake da siminti ba. A kan bulo shi ne daidai, in dai an jiƙa bangon, ba a cika yashi don a saci buhu ba, an kuma yi ta ba shi ruwa kamar kwana 7. Abin da nake faɗa da shi shi ne a lulluɓe ƙasa da shi don gudun gori.

Mu marubuta ma da hannunmu a ciki, har da ni. A littattafanmu Alhaji kullum a Nasarawa GRA yake cikin gidan tayil, gidan ƙasa kuwa sai marainiya da muguwar kishiyar uwa. Shekara da shekaru muna cusa wa matasa wannan, don me za mu yi mamaki in yayana ya ji kunyar ɗakin da aka dafa tuwon da ya girma da shi?

Mun sa an ɓamɓare sauran filastar. Da ƙyar aka samo wani dattijo da zai yi yaɓen, ya ce sai bangon ya sha iska har bayan kaka. Hajiya a tsakar gida take girki yanzu, kuma har yau ba ta ce wa yaya uffan ba.